Cin Damina, Biyan Kaka

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma hanjin ma iri biyu ne: akwai lafiyayye, wanda mai shi ba ya ko tunawa da shi, akwai kuma mai ciwo, wanda ke hana mutum barci. Bashin da ya fi hana manoman yammacin Zamfara barci, watau mutanen ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, shi ne wanda a ke ci da damina a biya da kaka. Ga labarin wani magidanci na wani ƙauye cikin ƙasar Bukkuyum, wanda ya daɗe cikin irin wannan bashi, ya sha wuyarsa, daga baya Allah ya fid da shi.

Mutumin nan ba rago ba ne, ba kuwa ɗan caca ba. Ya gaji gona biyu wajen tsohonsa, ɗaya ta tudu inda ya ke shuka gero da dawa da wake, ɗaya kuwa 'yar fadama ce. Bakin da ke ci a gidansa bakwai ne: shi, da matarsa wadda ya auro daga Gummi, da tsohuwarsa, da 'ya'ya huɗu. Kowace rana a kan auna tiya ɗaya da rabi ta hatsi. Buhu kuwa tiya 40 ne, saboda haka buhu guda ba ya cika musu wata, shekara kuma ta kan ci musu buhu 14. In damina ta yi albarka ya kan sami buhu 15 bayan ya fid da zakka. Ka ga abin da ya ke nomawa ya isa ya ci da gidansa har wata kakar, da rarar buhu guda. Amma ya yi shekaru bai ga hatsinsa ya kai shi ba.

Abin ya faro ne shekarar da ya aurar da ƙanwarsa. Aka sa bikin da kaka, kamar yadda aka saba, ya ɗebi hatsi ya kai kasuwa don ya yi mata kayan ɗaki. To, da kaka kowa mai sayarwa ne, hatsi ba shi da daraja. Sai an shiga Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, sa'an nan kowa ya koma mai saye, kuɗin tiya ya hau. Wannan shekara rumbunsa ya ƙare tun ba a gama noman farko ba. Ya tafi wurin wani mai hatsi na garinsu ya karɓi buhu 3 na ba-da-kaka, watau buhu ɗaya da damina, a biya biyu in an yi girbi. Malamai sun sha faɗa cewa wannan riba ce, haramun ce. Amma mai yunwa a gida ba ya tsayawa gardama, mai bayarwa kuwa ya kan sake wa abin suna ya ce ciniki ne.

Daga nan lissafi ya juye masa. Da kaka ta zo, cikin buhu 15 sai 6 su fita tun a masussuka. Ya sayar da 2 don tufafin Salla da magani da gudummawar biki. Saura 7, watau abincin wata shida. Kafin ruwan shuka ya sauka rumbu ya koma fayau. Sai ya sake komawa wurin mai hatsi ya karɓi 3, sauran gibin kuwa ya cike shi da ƙwadago a gonakin masu hali. Nan ne babbar ɓarnar ta ke, gama lokacin da ya ke noma gonar wani don tiyar yini, lokacin ne ciyawa ke cin tasa. Girbinsa ya sauko daga 15 zuwa 13, daga 13 zuwa 12, bashin kuwa bai ragu da ko tiya ba.

Yana cikin wannan hali sai maganar zinariya ta cika ƙasar. Tun 2008, sa'ad da harkar kuɗi ta rikice a Amurka da Turai, masu dukiya suka ruga sayen zinariya, har kuɗin oza guda ya haura dala 1,000. Tashin nan ya iso har ƙauyukan Bagega da Dareta da Abare da Sunke na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, inda a ke haƙo dutse mai zinariya. Mutumin nan ya ga samari suna sayen babur, ya ce a ransa buhu 6 me ne ne ga wanda ya dace da rami guda. Cikin 2009 ya jinginar da fadamarsa ga wani maƙwabci, ya sayi kayan aiki, ya shiga haƙa. Kamar sauran jama'a, ya riƙa kawo dutsen gida, a daka a turmi, a niƙa, a wanke a tsakar gida, ƙurarsa tana sauka kan tabarma da kwano da hannuwan yara. Ya sami kuɗi kaɗan, ba a ce bai samu ba. Ya sayi rediyo, ya yi wa iyali zannuwa, ya ce babban bashin sai babban samu ya zo.

Ba wanda ya sani dutsen nan cike ya ke da dalma. Farkon 2010 ƙananan yara suka fara farfaɗiya suna mutuwa, har likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda a ke kira Na-gari-na-kowa, suka gane gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan nan. 'Yar autarsa mai shekara biyu tana cikinsu. Wanta kuma aka kwantar da shi asibitin Bukkuyum, uwar na jinyarsa, uban na kai da kawowa, damina kuwa ba ta jiran mai jinya. Maganin kyauta ne, amma kuɗin mota da na abinci sai da ya ranta wurin wan matarsa a Gummi, ya kuma riƙa karɓar sabulu da gishiri da kananzir bashi wurin mai kanti. Aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka zuba sabuwa. Kakar 2010 buhu 10 ya girbe, a ke binsa 6.

Cikin kwanakin nan wani dattijo maƙwabcinsa ya rasu. Kafin a yi masa salla liman ya tambaya, kamar yadda a kan yi, ko akwai mai bin mamaci bashi. Mutum biyar suka yi magana, 'ya'yan mamacin suka sunkuyar da kai, don ba su san da ko ɗaya ba. Mutumin nan ya komo gida jikinsa a sanyaye, ya kasa cin tuwo. Matarsa ta lura, ta jira yara suka yi barci, ta ce, “Maigida, nawa a ke binmu?”

Ya ce, “Wannan ba maganar mata ba ce.”

Ta ce, “Allah ya ba ka haƙuri. Amma in za a rage tuwo, ni zan rage shi. Ashe kuwa maganata ce.”

Ya yi shiru, sa'an nan ya fita ya ɗebo tsakuwa ya zube kan tabarma. Suka yi tsibi huɗu: na mai hatsi, na jinginar fadama, na mai kanti, na wanta na Gummi. Tun da ya fara cin bashi, ran nan ne ya fara ganinsa gaba ɗaya a wuri guda. Ya yi yawa, amma yana da iyaka, abin da ke da iyaka kuwa a kan iya cim masa. Matar ta nuna tsibin mai hatsi ta ce, “Wannan shi kaɗai ke haihuwa. Sauran a kwance su ke. Shi za a fara yankawa.”

Da gari ya waye ya tafi wurin liman, ya roƙe shi ya rubuta basussukan nan duka a takarda. Liman ya yaba masa, ya tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, can wajen ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sa'an nan suka tafi tare wurin mai hatsi. Mutumin ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Alhaji, da ƙafata na zo, ba a aiko mini ba. Buhu 6 ka ke bina, 10 na girbe. In ka kwashe 6 yau, kafin bazara zan komo maka, mu yi ta yi har ɗayanmu ya mutu. Ga 3 yanzu, ka yi mini jinkirin 3 sai baɗi, ba ƙari.” Alhaji ya jinjina maganar, don ya saba masu cin bashinsa su kan sake hanya in sun hango shi. Ga kuma liman zaune. Ya ce ya yarda. Mai kanti aka ce masa daga yau an daina karɓa, kowace ranar kasuwa za a riƙa rage masa abin da ya samu. Wan matar kuwa aka aika masa ya yi haƙuri, shi ne na ƙarshe, ya ce ba kome.

Saura aiki mai wuya, watau yadda buhu 7 za su kai gida wata kaka ba tare da an koma ƙofar mai hatsi ba. Suka rage awo daga tiya ɗaya da rabi zuwa ɗaya, wadda ke cin buhu 9 a shekara. Tuwo da dare, ɗumame ko kunu da safe, rana kuwa kwaɗon zogale ko rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli. Da aka gama kaka shi da babban ɗansa suka tafi cin rani fadamun Gummi, bakin gulbin Zamfara, suna aikin ban ruwa a lambunan mutane har wata huɗu. Amfanin cin rani biyu ne, ko da ya ke mutane ɗaya su kan ƙidaya: akwai kuɗin da a ke samowa, akwai kuma hatsin da bakin matafiyi bai ci ba. Kuɗin da suka samu bai shigo da su gida ba, gama kuɗi a aljihu ba su da kunya, kowa ya yi sallama sai su fito. Ya sayi buhu 2 tun hatsi bai tashi ba, ya zuba a rumbu, ya liƙe.

Matar kuma ta fito da wata tsohuwar ƙwarya ta kayan aurenta. Duk sa'ad da ta auna hatsin daka, sai ta cika hannu ta mayar cikin ƙwaryar. Ba wanda ya taɓa jin raguwar hannu guda a cikin tuwo, amma kafin shekara ta kewayo abin ya kusa rabin buhu. Shi ne ya riƙe su kwanakin marka na ƙarshe, kafin gero ya nuna.

Yunwa ba ita ta fi yi musu zafi ba, bakin mutane ne. Babbar Salla ta zo bai yi layya ba, ko da ya ke ba ta hau kan marar hali ba. Matar ta haihu, aka yanka akuya aka raɗa suna da safe, ba kiɗa, ba taron yini. Ita kuma ta bi ƙawayenta na biki ɗaya ɗaya ta ce su yi mata uzuri, ba za ta iya ninka abin da suka kawo ba, daidai za ta riƙa mayarwa. Waɗansu suka ɗauke mata ƙafa. A majalisa aka riƙa ce wa mijin Na-rowa. Wata rana ya shigo ransa a ɓace, ya ce zai buɗe rumbu ya yi wa yara ɗinki, don kada a ce 'ya'yansa sun fi na kowa tsumma. Tsohuwarsa ta ce, “Kai, yaro, masu yi maka dariya yau, cikinsu wa zai auna maka tiya a watan Agusta?” Ya bar rumbu a liƙe.

Daminar 2011 ya yi noman farko da maimai a gonarsa kan kari, karo na farko cikin shekaru. Ya girbe buhu 14, ya kai 3 gidan Alhaji, liman ya soke sunan a takarda. Kakar 2012 ya sami 15, ba wanda ya tsaya masa a masussuka. Gonar ba ta ƙaru ba, ruwan sama bai sake ba. Abin da ya sake kawai shi ne gidan ya daina cin hatsin baɗi a bana.

Daga nan lissafin da ya juye masa ya koma yi masa aiki. Wake, wanda dā ya kan sayar da kaka don tsoron ƙwari, ya koyi zuba shi cikin buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi tam ƙwarin su kan mutu don rashin iska, ba sai an sa magani ba. Ya riƙa ajiye shi sai damina, ya sayar da tsada. Matar ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta biya mai kanti, ta shiga adashi da mata tara. Ran da kwasarta ta zo ba ta sayi kwano ba, ta sayi jar akuya. Akuya kuwa wata biyar ta ke ɗaukar ciki, sau da yawa ta haifi biyu. Da kuɗin wake da na 'yan bunsuru suka fanshi fadama cikin 2014. Shekara ta gaba ya tafi Gummi da kansa ya biya surukinsa, ya komo ya karɓi takardar wurin liman, ba sauran suna a cikinta.

Da a ce ƙasa na zaune lafiya, da labarin ya ƙare nan. Amma shekarun nan ne satar shanu ta zama fashi, fashi ya zama satar mutane don fansa, har 'yan bindiga suka riƙa aza wa ƙauyuka haraji kafin su bari a yi shuka ko girbi. Mutumin nan ya ga an ƙone rumbunan wani ƙauye kusa da su cikin dare guda, ya gane rumbu ba shi ne iyakar tsaro ba. Ya raba ajiyarsa uku. Abincin gida ya bari a rumbu. Rarar hatsi da wake ya riƙa kai wa surukinsa ajiya cikin garin Gummi. Awakin kuma aka raba, rabi a gida, rabi kiwo wurin dangin matar.

Cikin 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya, don a matsa wa 'yan bindiga. Mai dabba ya rasa inda zai sayar, mai jiran aike daga birni ya rasa hanyar kira. Gidan mutumin nan suka ci abin da ke rumbu. Farkon Janairu na 2022 'yan bindiga suka auka wa ƙauyuka masu yawa na ƙasar Anka da Bukkuyum. Mutanen yankin suka ce an kashe kimanin 200, gwamnati ta ce 58. Ƙauyensu ya watse. Suka fita da abin da ke jikinsu, matar ta ɗauko ƙwaryarta a ka da 'yan tufafin yara a ciki. Rumbu ya ƙone, awakin gida aka kore su. Suka iso Gummi 'yan gudun hijira kamar kowa, sai dai su sun tarad da buhunansu da awakinsu na jiransu. Da su ya kama ɗaki, ya karɓi aron gona, bai miƙa hannu ga kowa ba.

Ajiyar kuɗi ma ta nuna nata aibi. Ƙarshen 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 takardar kuɗi ta yi wuyar gani, mai tsofaffi a gwangwani ya rasa mai karɓa, mai ajiya a banki ya kwana a layi, sai cikin Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Kwanakin nan mai tiyar gero shi ne mai kuɗi, ya ba da ita a ba shi gishiri da mai. Sa'an nan cikin Agusta na 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a Gummi, ta rushe ɗakin da su ke ciki, ta jiƙa buhu biyu. Awaki suka tsira, don an kai su tudu. Kowace irin ajiya da ɓarawonta: rumbu da wuta, dabba da mahara, kuɗi da canji da tsadar kaya, buhu da ruwa. Wanda ya raba, in an ci ɗaya ya sami ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka tanadi maganin kome ne. Akwai magidanta da yawa a ƙasar nan waɗanda ba su kasa mutumin nan tattali ba, aka sace musu ɗa ko mata, suka sayar da gona da shanu, suka ci bashin da jikokinsu za su tarar. Akwai waɗanda gonarsu ba ta ba da ko abincin wata shida, kome iya awon uwargida. Wannan ya fi ƙarfin ƙwarya da rumbu, sai hukuma ta tsare rayuka da gonaki. Abin da ke hannun magidanci shi ne ya san adadin abin da a ke binsa, ya sanar da wadda ke auna hatsi, ya je wa mai binsa tun bai aiko ba, ya fara kashe bashin da ke haihuwa, ya kuma jure wa dariyar shekara guda.

Bayan ambaliyar, wani mai hatsi na Gummi ya ga halin da su ke ciki, ya aiko yaronsa ya ce in ana bukatar buhu biyu zuwa kaka, ƙofa a buɗe ta ke. Mutumin ya yi godiya, ya ce a gai da Alhaji, in bukata ta taso zai zo. Da yaron ya fita ya dubi matarsa, ya ce, “Kwana nawa ya rage mana?” Ta ce, “Na buhu ashirin, na ƙwarya goma sha biyu. Gero kuwa ya fid da kai.” Ya ƙidaya da yatsu, ya ga zai kai da ƙyar. Ya kama bunsuru guda ya nufi kasuwa, don ya cike abin da ya saura, ita kuma ta auna na dare, ta cika hannu ta mayar cikin ƙwarya.